Jan fenti a bango: duba gidaje, cunkoso da rusau a Zariya

Duk wanda ya wayi gari ya tarar da jan fenti a bangon gidansa, kalma ɗaya ce ke zuwa bakinsa: rusau. Amma a wajen masu aikin tsara birane da malaman tsafta, abubuwa uku ne mabambanta a ƙarƙashin kalmar nan, kuma zuba su a kwando ɗaya shi ne tushen yawancin rigimar da ake yi. Akwai gidan da ya zama haɗari, wato ginin da ke shirin danne mutane. Akwai gidan da bangonsa lafiya ƙalau, amma mutanen ciki sun fi ƙarfinsa. Akwai kuma gida mai kyau, babu cunkoso, sai dai an dasa shi inda bai kamata ba, kamar filin makaranta, gaɓar kogin Kubanni ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Na farko injiniya yake nema, na biyu duba-gari, na uku safiyo da lauya. Katafila na iya raba gardama a kan na uku, wani lokaci ta zama dole a kan na farko. Na biyu kuwa ba ta maganinsa, sai ma ta ƙara shi, kuma lissafi zai nuna dalili.

Cunkoson Zariya ba iri ɗaya ba ne, domin garin ma ba rana ɗaya ya tsiro ba. A cikin Birni, su Kwarbai, Limancin Kona, Kusfa da Kaura, gado ne ke haifar da shi. Gidan gargajiya da sarari aka gina shi: zaure, ƙofar gida, shigifa, sannan tsakar gida mai faɗi inda ake girki da shanya da barcin bazara, ɗakuna kuma a kewaye. Mai gida ya rasu, magada su raba. Kowa ya ja katanga ya killace rabonsa, ya yi aure, 'ya'yansa su taso su nemi nasu ɗakin. Fili ba ya haihuwa, saboda haka tsakar gida ce ke biyan bashin. Bayan rabo biyu ko uku, gidan da asalinsa iyali ɗaya ne ya koma sassa bakwai, zaure ya zama shago, gurbin rumbu ya zama ɗakin amarya, ruwan wankin wannan sashe sai ya bi ta ƙofar wancan kafin ya sami rariya. A nan babu ɗan haya da za a ce ya tashi. Kowa gidan ubansa yake.

Sabon Gari da Tudun Wada Turawa ne suka yanka su bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, da miƙaƙƙun tituna da fulotai masu iyaka, don baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa. Tsarin titin yana nan har yau, cikin fulotin ne ya cushe. A ɗauki fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100. Mai gida ya jera ɗakuna takwas a dama, takwas a hagu, suna kallon juna, da siririyar hanya a tsakani. Ɗaki 16 ke nan. In kowane ɗaki mutum huɗu ne, gidan na ɗauke da mutum 64. In masai ɗaya ne, kowa kuma minti biyar zai yi, layin safe kaɗai ya haura awa biyar. Shi ya sa fo da leda ba sa ƙarewa a irin waɗannan gidaje, kuma a kwata suke ƙarewa.

Nau'i na uku shi ne wanda ya biyo makarantu. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru, Hayin Dogo, Zangon Shanu, Palladan, da kewayen Kongo da Gyallesu suke cika da ɗakunan ɗalibai da ƙananan ma'aikata. Da yawan filayen nan gonaki ne aka yi musu awon igiya: mai gona da dillali su yanka, su bar ɗan lungu, babu wanda ya ware wa ruwa hanya balle makaranta ko asibiti.

Da me ake auna cunkoso?

"Gidan nan ya cika" magana ce, ba hujja ba. Kafin jami'i ya rubuta wa mutum takarda sai ya zo da lamba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne na hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai: in fiye da mutum uku ke zaune a ɗaki ɗaya, akwai cunkoso. Wannan na ɗaya daga cikin alamomi biyar da take gane lalatacciyar unguwa da su. Sauran su ne rashin ruwa mai tsafta, rashin ingantaccen bayan gida, gini marar ƙwari, da zaman da ba shi da tabbas, wato ana iya korar mutum a kowane lokaci.

Ingila, wadda daga ita muka gaji aikin duba-gari, ta fi tsanantawa. Dokar gidajenta ta 1935 ta yanka adadi ƙarara: ɗaki ɗaya mutum biyu, ɗaki biyu mutum uku, ɗaki uku mutum biyar, ɗaki huɗu bakwai da rabi, ɗaki biyar mutum goma. Jaririn da bai shekara ba ba a ƙirga shi, yaro daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da goma rabin mutum ne. Sannan ana duba girman ɗakin: sai ya kai murabba'in ƙafa 110 zai ɗauki mutum biyu, wanda bai kai 50 ba kuwa ba a lissafa shi a ɗaki sam. An ɗora wa ƙananan hukumomi bin gida-gida da tef, kuma adadin da gida zai iya ɗauka sai an rubuta shi a littafin biyan haya, don mai gida da ɗan haya kowa ya sani.

A gwada ma'aunan biyu a kan iyali ɗaya. Miji da mata da 'ya'ya huɗu, masu shekara 12, 8, 5 da jinjiri ɗan wata shida, suna zaune a ciki da falo. A ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum shida a ɗaki biyu uku-uku ne, sun sha da ƙyar. A na Ingila kuwa lissafinsu mutum huɗu ne, dokar uku ta yarda, sun faɗi. Wato amsa na canzawa da canjin mudu, don haka hukumar da ba ta bayyana mudun da take awo da shi ba ta bar wa jami'inta ƙofar son rai. Dokar ta Ingila ta kuma hana namiji da mace da suka kai shekara goma kwana a ɗaki ɗaya in ba ma'aurata ba ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda hadisi ya yi umarnin raba wa yara makwanci a wannan shekarar, kuma jami'in da ya shiga ta wannan ƙofa ya fi samun kunnen mai gida a kan wanda ya fara da barazanar tara.

Babu mai hankalin da zai ce a ɗauko ma'aunin Ingila a hukunta Tudun Wada da shi gobe, domin kotu ma ba za ta ɗauke masu laifin ba. Amfanin awo shi ne jera gidaje daga mafi muni zuwa mai dama-dama, a san inda za a fara. Dalilin damuwa da lambar kuma iska ce. Tarin fuka, sanƙarau, ƙyanda da mashaƙo duk ta numfashi suke bi. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawa a Arewa, kuma lokacinta sananne ne: daga hunturu, sa'ad da ake toshe taga da tsumma, zuwa tsakiyar bazara. Cibiyar horaswa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye take, a bayan garin nan, kuma abin da ake koyarwa ke nan: in an gano mai tari, a bincika waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Yadda ake duba gida

Kayan aikin ba su da yawa: tef mai tsawon mita 30, tocila, alli, igiya da ɗan dutse ɗaure a bakinta, da littafi. Ba a faɗa wa unguwa kai tsaye. Ana fara gaida mai unguwa, a ce "Ranka ya daɗe, aikin tsafta ne ya kawo mu," ya haɗa ma'aikata da wakilinsa. A ƙofar gida a yi sallama daga zaure, a jira mai gida. Tawagar da babu mace a cikinta rabin aiki za ta yi, domin a gidan ba-shiga madafa, rijiya da makewayi duk suna ciki, kuma uwargida ce ta san yaro nawa ke kwana a wane ɗaki, ba mai gida ba.

Daga waje ake farawa. A zagaya gidan a ga ina ruwansa ke fita, ina na maƙwabta ke shigowa, kuma daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare tun da aka yawaita zuba kwalta da gina lambatu: titi ya tashi da ƙafa ɗaya ko biyu, tsohon gida ya koma rami, ruwan sama ya riƙa kwana a gindin bango.

A ciki, a auna kowane ɗaki, a ƙirga masu kwana, ba masu haya ba. Wanda ya biya haya mutum ɗaya ne, amma katifu da tabarmin da aka jingine da ƙusoshin gidan sauro su ke faɗin gaskiya. Sai taga. Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce faɗin tagogi ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo 12 faɗi murabba'in ƙafa 144 ne, yana buƙatar taga ta wajen 14, wato kusan ƙafa huɗu-huɗu, kuma ta kasance iska na shiga ta wani bango ta fita ta wani. Abin da aka fi tararwa shi ne tagar da maƙwabci ya gina bangonsa a jikinta, ko wadda aka liƙe da kwali. A lura da inda janareta ke kwana da inda ake hura gawayi lokacin sanyi, domin hayaƙinsu na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Rijiya da masai su ne zuciyar binciken. Ƙa'ida ita ce tazarar mita 30 tsakaninsu, masai ya kasance ta gangare, kuma ƙasan raminsa ya fi ruwan ƙasa tudu da aƙalla mita ɗaya da rabi. To, mita 30 ita ce daidai tsawon fulotin ƙafa 100. Ko mai gida ya sa rijiya a wannan kusurwa, masai a waccan, masan maƙwabci na bayan katanga, taku uku daga rijiyar. Shi ya sa duba gida ɗaya shi kaɗai yaudarar kai ne, sai an zana layin gaba ɗaya a takarda, an sa alamar kowace rijiya da kowane rami. Da damina ruwan ƙasa na tasowa, ramin da yake a bushe a watan Maris ya haɗe da rijiya a Agusta, lokacin ne kuma amai da gudawa ke ɓulla. Inda tazara ta gagara, ana rage haɗari da ɗaure saman rijiya da siminti zurfin mita uku, a ɗaga bakinta ya kai ƙugu, a yi mata daɓe mai gangara a kewaye, da murfi, da guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin.

Ramin masai ma da lissafinsa. Kowane mutum na tara wajen lita 40 zuwa 60 a shekara. Gidan mutum 64 ɗin nan zai tara sama da lita 3,000. Rami mai mita ɗaya da rabi kowane gefe da zurfin mita uku wajen shekara biyu zai yi ya cika. In motar kwasa ba ta iya shiga lungun, abin da ke biyo baya sananne ne: a jira ruwan sama da dare a buɗe wa ramin hanya zuwa kwata. Ko a sansanin 'yan gudun hijira, ƙa'idar agaji ita ce masai ɗaya ga mutum 20. Gidan hayar da ake karɓar kuɗinsa duk shekara bai kamata ya gaza sansani ba.

Sai ƙwarin gini. Ginin ƙasa ba shi ne matsala ba, rashin kula ne. Bangon tubali mai kauri da ake yi wa yaɓe kafin kowace damina, da makuba a jikinsa, yana ganin jikoki. Abokin gabarsa ruwa ne, ta sama da ta ƙasa. Ta sama, indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa bakin azara inda ta shiga bango, ta ruɓe a ɓoye. Azara ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce wajen ƙafa shida in ba da tallafi ba, don haka sabon magini da ya faɗaɗa ɗaki ya cire ginshiƙi ko bakan gizo ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ta ƙasa, laima ta ci gindin bango har ya zama sama ta fi ƙasa kauri. Mafi yaudara shi ne shafen siminti a kan bangon ƙasa. Ido na ganinsa sumul, amma siminti da ƙasa ba sa motsi tare, sai ya tsage, ruwa ya shiga baya ya rasa hanyar fita. A ƙwanƙwasa da ɗan dutse: in ya yi amo kamar ganga, cikin ya rabu.

Tsaga ma kala-kala ce. Siririya kamar gashi ta shafe ce kawai. Wadda fensir ke shiga, wato ta wuce milimita biyar, tana neman magini. Wadda ta kai inci ɗaya, ko ta taso a karkace daga kusurwar taga, ko ta fi faɗi a sama, alamar tushe na nutsewa ce, a fitar da mutane. Don a san ko tana tafiya, a ja layi da alli a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a liƙa ɗan siminti a kanta, a dawo bayan mako. A sako igiya mai dutse daga saman bango don ganin ko ya kwanta. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na Babban Masallacin Zariya, ginin Babban Gwani na shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Abin da masu duba gini suka ɗauka daga nan shi ne, sabuwar tsaga a tsohon ginin ƙasa a tsakiyar damina, fitar da mutane ke zuwa kafin kiran injiniya.

Ginin bulo bai tsira ba. Buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulo 30 zuwa 35 mai inci tara, sai a matse shi ya ba da ninkin haka, bulo ya riƙa marmashewa a hannu. A cire katakon da ke tallafe da rufin kankare kafin kwana 21, alhali kankare sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa. A ɗora bene a kan fandishon da aka haƙa don gida marar bene. Wanda kuma aka gina a kan kududdufin da aka cike da shara, tushensa na kan abin da ke ruɓewa ne, yana zama a hankali shekara da shekaru.

Bayan dubawa sai takarda: a rubuta abin da za a gyara ɗaya bayan ɗaya, da wa'adi, da ranar dawowa. In ba a yi ba, sai kotu. A nan aikin ya fi lalacewa. Wani jami'in na goro zai karɓa ya wuce. Wata ƙaramar hukumar ta mayar da tara hanyar kuɗin shiga, a biya rasit, masai na nan yadda yake. Sau da yawa kuma ɗan haya ake miƙa wa takardar saboda mai gida na Kaduna ko Abuja, shi kuma ya kama ta hujjar korar mutane, ya yi fenti, ya ƙara kuɗi. Takarda sunan mai gida ya kamata ta ɗauka, ta kuma bambance aikinsa, wato rufi, masai, taga da magudana, da na ɗan haya, wato shara da tsafta.

In an zo ga rusau

Ginin da ke kan filin da ba nasa ba, hukuncinsa ya fi fitowa fili. Babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 tana da haƙƙin mita 15 kowane gefe, mai 330 mita 25, ƙananan na 33 da 11 kuma mita biyar da rabi. Titin gwamnatin tarayya, irin na Kaduna zuwa Kano, yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa kowane gefe. Rusau ɗin da aka fi tunawa a Zariya na wannan nau'in ne: na 2015, lokacin da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ta rushe gidajen da ta ce suna cikin filin Kwalejin Alhudahuda, da na 2021 a unguwar Graceland, inda gwamnati ta ce filin na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne, mazauna suka musanta. Ko wa ke da gaskiya, gardamar ta mallaka ce, ba ta cunkoso ba. Abin tambaya a irin wannan shi ne ina hukuma take ranar da ake haƙa fandisho, domin takardar dakatar da aiki a ranar ta fi katafila arha ga kowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rashin takardar shaidar mallaka bai mayar da mutum ɗan kama-wuri-zauna ba. Sashe na 34 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ɗauki wanda ke da ginannen fili a birni kafin dokar tamkar gwamna ya ba shi haƙƙin zama. Gidajen gado na cikin ganuwa a nan suka faɗo. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin don amfanin jama'a, amma da sanarwa a rubuce, sashe na 29 kuma ya wajabta diyya. Sai dai ga inda gizo ke saƙar: ba a biyan darajar filin a kasuwa. Abin da ake biya shi ne kuɗin sake gina irin ginin, a cire tsufansa. Tsohon gidan ƙasa a tsakiyar Birni, wanda wurinsa ne ke da tsada, diyyarsa ba lallai ta sayi fuloti a bayan Dakace, can gefen gari, ba, kuma magada goma sha ne za su raba. Ɗan haya kuwa ba shi da ginin da za a biya shi diyyarsa. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ɗan cike giɓin, inda ta ce in za a rushe gidan zama a yankin da aka ayyana don gyarawa, a sama wa waɗanda za su tashi wani matsuguni ko tallafi. Amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka dokar jiha ce abin dubawa.

Ga lissafin da aka yi alkawari. A ce an rushe gidajen haya 30, kowanne da mutum 40. Mutum 1,200 ke nan a waje. Ba za su yi nisa ba, domin ɗan dako da mai tura baro da mai sayar da abinci a bakin Kasuwar Sabon Gari abincinsu na nan kusa, kuɗin mota kullum ya fi ƙarfinsu. Sai su shige wa 'yan'uwa da abokai. In layukan da ke maƙwabtaka na da ɗaki 600, kowanne mutum uku, yanzu sun koma biyar-biyar, a kan rijiyoyi da ramukan masai na da. Ɗakuna sun ragu, masu nema ba su ragu ba, haya ta tashi. An gudu ba a tsira ba. Legas ta gwada tun da daɗewa: annobar 1924 ta kai ga kafa hukumar raya birnin a 1928, a 1955 aka fara tashin mutanen tsakiyar tsibiri zuwa Surulere, nesa da kasuwannin da suke ci da su, a 1990 kuma aka share unguwar Maroko, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, da yawansu suka kafa wasu unguwannin irinta. Ingila ta gane wannan tarkon da wuri: dokarta ta 1930 ta ɗaura tallafin da ake ba ƙaramar hukuma a kan yawan mutanen da ta sake wa matsuguni, ba yawan gidajen da ta rushe ba.

Hanyar da ta fi dacewa da unguwannin Zariya ita ce gyara a zaune, irin wadda birnin Jakarta ya fara a 1969: a bar mutane inda suke, a kai musu hanya, magudana, ruwa da bayan gida. Magudana daga mafita ake fara ta, wato daga inda ruwan zai zuba a rafin Kamaca ko Kubanni a hauro sama, in ba haka ba an kwashe ruwan masu tudu ne an zuba wa na gangare. Kududdufan da suka rage a bar su, a yashe, a kewaye, domin su ke riƙe ruwan Agusta kafin ya wuce. Ba kowane lungu za a faɗaɗa ba. A zaɓi ɗaya a kowane rukunin gidaje wanda motar kashe gobara da ta kwasar masai za su bi. Motar na da faɗin wajen mita biyu da rabi, tana buƙatar uku da rabi, kuma kamu bakwai da hadisi ya yanka wa hanya in an yi saɓani kusan haka ne. Sau da yawa abin da za a taɓa dakali ne, ko shagon da aka tsiro da shi a jikin zaure, ko ƙafa biyu na katanga, ba gida sukutum ba.

Gidajen da dole su tafi, kafin a taɓa su sai an yi ƙidaya: sunan mai gida, magada, kowane ɗan haya da iyalinsa, girman gini da hotonsa. A tsayar da ranar rufe rajista don kada a cika wurin da sababbin rumfuna, a kafe jerin sunayen a ƙofar hakimi da ta mai unguwa na wasu makonni, wanda aka tsallake ya kawo ƙorafi. A biya kafin a rushe, kuma kada a sa ranar a tsakiyar damina ko tsakiyar zangon karatu. Shi kuma wanda ya ga jan fenti, ya fara neman takardar da ta zo da shi, ya ga wace hukuma ce, wane laifi aka ambata, kwana nawa aka bayar. Ya tattara takardar ciniki, hukuncin rabon gado na kotu, rasit ɗin harajin fili, rajistar KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, in akwai, da shaidar mai unguwa da dagaci. Ya ɗauki hoton gidan ciki da waje da tef a jikin bango, tunda bayan katafila babu abin aunawa. Ɗan haya ya adana rasit ɗinsa na ƙarshe, domin da shi zai nemi ragowar kuɗin watannin da bai zauna ba, da shi kuma zai shiga jerin ƙidaya.